Kama da wane ba wane ba ne: labarin dutsen Moshi Zongo mai zanen ganye

Ranar wata Litinin, muna dawowa daga hutun cin abinci, wata ɗalibata 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare ta ajiye mini wani abu a kan tebur, an naɗe shi da tsohuwar jarida. Da na warware sai na ga fallen dutse ne, bai fi tafin hannu ba, ja-ja kamar tukunyar ƙasa. A fuskarsa akwai baƙin zane mai rassa, reshe na fita daga reshe, ƙanana na fita daga manya, kai ka ce wani ne ya ɗora ganye ya bi shi da alƙalami da tawada.

"Sa, Babana ne ya ce in kawo maka," in ji ta. "Wai da gaske ganye ne ya zama dutse?"

Mahaifinta magini ne a nan Moshi Zongo. Yana cikin fasa duwatsun da za a zuba a tushen wani gida ne ɗaya ya rabe biyu, zanen ya bayyana. Ni kuwa ban tsaya dogon tunani ba. Na ɗaga dutsen sama na ce wa aji: ga fosil, wato burbushin tsiron da ya rayu miliyoyin shekaru da suka wuce, kuma daga gani ganyen fen ne. Yara suka yi ta tafi, dutse ya zaga aji hannu zuwa hannu.

Kun dai san Zongo, magana ba ta kwana. Bayan sallar Magariba sai ga mahaifin yarinyar ya tare ni a ƙofar masallaci. "Ticha, an ce mini Turawa na sayen irin wannan da dala. Ga su nan birjik a cikin lodin da tifa ta sauke mana. In ajiye ginin nan kwana biyu in tsince su?" Nan take jikina ya yi sanyi. Maganar da na yi a aji don in burge yara ta kai ga mai iyali zai ajiye aikin da yake ci da shi. Na ce masa, "Baba, ka ba ni mako guda. Kada ka ajiye komai tukuna."

Makon nan na yi shi ina karatu, ina gwada dutsen da hotunan burbushin gaske. Abin da na gano bai yi mini daɗi ba, domin kuskure na yi. Amma hanyar da ta fitar da ni daga kuskuren ita ce wadda masana ke bi idan aka kawo musu dutse mai zanen tsiro. Tambayoyi uku ne, kuma a jere ake yin su: wane dutse ne, ganye ne kuwa, sannan wane ganye ne.

Shi fen ɗin wane tsiro ne?

Mu mutanen arewa ba mu saba da shi sosai ba, don tsiro ne mai son laima da inuwa. Wanda ya taɓa bin hanyar Kumasi ko Takoradi ya gan shi yana lilo a jikin bishiyar kwakwar manja ko a bakin rafi. Tonawa na kiransa aya, ba dai ayar da muke taunawa ba, har suna da tambarinsa a cikin zanen Adinkra da ake bugawa a yadi, alamar juriya. Ganyensa ya yi kama da na ɗorawa ko tsamiya: kara ɗaya a tsakiya, ƙananan ganyayyaki a jere dama da hagu. Sabon tohonsa a naɗe yake fitowa kamar jelar hawainiya.

Abin da ya raba shi da ɗorawa shi ne ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ba shi da iri. In ka juya bayan ganyen da ya ƙosa za ka ga ɗige-ɗige masu launin ƙasa a jere. A cikinsu akwai wani gari mai laushi kamar ƙura, shi iska ke ɗauka, in ya sauka a wuri mai laima ya fara sabuwar rayuwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa idan mun zo maganar iri.

To, yaya ganye ke shiga dutse? Ganyen da ya faɗi a tsakar gida ruɓewa yake yi, ko akuya ta cinye. Sai wanda ya faɗa ruwa mai kwanciya, fadama ko bakin tafki, laka ta rufe shi da wuri kafin iska da ƙwari su same shi. Laka na hawa kan laka, nauyi na matse ta, har ta zama dutse. Ganyen ya bar siffarsa a ciki, sau da yawa tare da siririn baƙin gawayi, wanda shi ne ragowar jikinsa. In aka tsaga dutsen daidai wurin, ɓari ɗaya na ɗauke da gawayin, ɗayan kuma na ɗauke da gurbinsa, kamar sawun ƙafa a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Tambaya ta farko: wane dutse ne?

Wannan ce tambayar da na tsallake, kuma da na fara da ita da ban ji kunya ba. Ba kowane dutse ke ajiye ganye ba. Dutsen da ya taso daga narkakken dutse na cikin ƙasa, irin giranait na tsaunukan Tongo kusa da Bolgatanga, ba ganyen da zai shiga cikinsa ya tsira. Haka tsofaffin duwatsun da zafi da matsi suka sauya, irin waɗanda 'yan galamse ke bi suna neman zinari, waɗanda shekarunsu suka kai kimanin miliyan 2,100. Burbushin ganye a dutsen da ya kwanta falle-falle ake samunsa, na laka ko na yashi mai laushi, musamman wanda ke maƙwabtaka da kwal.

Dutsen ɗalibata na yashi ne mai falle, saboda haka ya ci rabin jarrabawa. Sauran rabin shi ne shekaru. Tamale na zaune ne a kan wani babban kwarin duwatsu da masana ke kira da sunan kogin Volta, wanda ya mamaye fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙasar Ghana, tun daga tsaunin Gambaga a arewa har zuwa tsaunin Kwahu a kudu. Masana na sanya shekarun waɗannan duwatsu tsakanin kimanin miliyan 1,000 ga na can ƙasa da miliyan 500 ga na sama-sama. Ku gwada wannan da tarihin tsirrai. Alamar farko ta tsiro a kan tudu ba ta wuce kimanin shekaru miliyan 470 ba. Fen da dangoginsa, da kuma tsiron farko mai iri, sai wajen shekaru miliyan 370 zuwa 360 suka bayyana. Masu fure kuwa, irin su mangwaro da ɗorawa da dawa, 'yan baya-bayan nan ne, ba su fi kimanin miliyan 130 ba.

Ke nan lokacin da yashin da ke ƙarƙashin Moshi Zongo ke kwanciya, babu ganye ko ɗaya a doron ƙasa. Tudu fayau yake, rayuwa tana cikin ruwa. Direban tifa ya tabbatar wa maginin cewa daga wani ramin fasa dutse na bayan gari ya ɗauko lodin. Cewa an ga ganyen fen a irin wannan dutse daidai yake da mutum ya ce ya ga sawun tayar babur a ƙarƙashin sawun jakunan fataken goro da suka bi hanyar Salaga shekaru 200 da suka wuce.

Tambaya ta biyu: ganye ne, ko zanen ruwa?

To in ba ganye ba ne, mene ne? Masana na kiransa dendirait, daga kalmar Girkanci mai nufin bishiya. Ni a aji zanen ruwa muke ce masa, domin ruwa ne ya zana shi. Ruwan da ke tsiyaya ta siraran tsagar dutse yana ɗauke da narkakken ma'adinin manganis, wani lokaci da ƙarfe. In ya haɗu da iska sai ma'adinin ya daskare a bangon tsagar, ƙwaya na manne wa ƙwaya, tsinin da ya fi fitowa ya fi saurin samun ƙari, har abin ya yi rassa. Manganis ba baƙo ba ne a Ghana. Tun 1916 ake haƙarsa a Nsuta kusa da Tarkwa, kuma shi ne yawancin baƙin garin nan da ke cikin batirin tocila.

Ga yadda za ka raba su. Ganye yana da tsari: kara a tsakiya, 'yan ganyayyaki masu baki a fili, girmansu kusan ɗaya, tazararsu kusan ɗaya, suna ƙanƙancewa a hankali zuwa tsini. Zanen ruwa ba shi da baki, rassa ne zalla, kowane reshe na sake rabuwa yadda ya ga dama, kamar hanyoyin da ruwan sama ke yankawa a gangare. A cikin kowane ɗan ganye na gaske akwai jijiyoyi sirara da za ka gani da madubin ƙara girma, shi kuwa zanen ruwa in ka ƙara masa girma ƙananan rassa kawai za ka ƙara gani. Ka kashe fitila ka haska tocila daga gefe: sawun ganye yana da tudu da kwari, inuwa za ta fito, zanen ruwa kuwa a shafe yake kamar tabon tawada, iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Sannan ka duba inda ya kwanta. Ganye a kan shimfiɗar falle yake kwanciya, yadda ya faɗi a laka. Zanen ruwa tsaga yake bi ko ta ina ta nufa, har wadda ta yanke falle a tsaye, kuma yawanci daga bakin tsagar yake farawa ya bazu ciki.

Dutsenmu ya faɗi a duk waɗannan. Don yara su gani da idonsu, muka yi gwaji biyu. Muka danna ganyen ɗorawa a jiƙaƙƙiyar laka muka ɗaga, ga kara, ga jerin 'yan ganyayyaki. Sai muka ɗiga man goge baki tsakanin gilasai biyu, muka matse, muka raba su a hankali. Rassa suka fito tsaf kamar na dutsen, ba tare da wani tsiro ya kusanci wurin ba. Ba hanya ɗaya ce da ta manganis ba, amma ta nuna wa yara cewa ba sai abu mai rai ne ke yin reshe ba. Wani yaro a bayan aji ya ce, "Sa, ashe dutse ma yana ƙarya." Na ce masa dutsen bai ce komai ba, ni ne na yi gaggawa.

Tambaya ta uku: wane ganye ne?

A ce yanzu dutsen ya ci jarrabawa biyun farko. Saura suna. A nan akwai wata matsala: tsiro ba ya shiga laka ɗungurungum. Ganye na faɗuwa nan, reshe can, iri ruwa ya tafi da shi wani wuri. Shi ya sa tun a shekarun 1820 masana irin su Adolphe Brongniart na Faransa da Kaspar Sternberg na Bohemiya suka ɗauki dabarar ba kowane sashe sunansa bisa siffarsa. Har gobe da sunayen nan ake aiki. Ga ganye mai kama da fen, abu biyu ake dubawa: yadda ɗan ganyen ya manne da kara, da yadda jijiyoyinsa suka tafi.

In 'yan ganyayyakin ƙanana ne, gefunansu a miƙe, kansu a zagaye, kowanne ya manne da kara da dukan faɗin gindinsa, sun jeru kamar haƙoran mataji, wannan Pecopteris ne, kuma asalin sunan daga kalmar taje gashi ya fito. In gindin ɗan ganyen ya tsuke ya yi siffar zuciya, ya riƙe kara ta wuri ɗaya tak, jijiyoyi masu yawa na lanƙwasa suna rabuwa zuwa baki, wannan Neuropteris ne. In ɗan ganyen dogo ne, da jijiya mai ƙarfi a tsakiya, gindinsa ya zarce ƙasa a jikin kara har ya haɗu da na maƙwabcinsa, wannan Alethopteris ne. In kuwa ganyen a yayyanke yake kamar na karas, gindinsa siriri, to Sphenopteris ake ce masa.

Kada sunayen su tsorata kowa. Wanda ya iya raba ganyen rama da na yakuwa a kasuwar Aboabo zai iya wannan, kallo ne kawai da haƙuri.

Maganar iri, inda masana ma suka sha ruɗu

Mun ce fen ba shi da iri. Amma a duwatsun kwal na Turai da Amurka, na zamanin da ake kira Kaboniferos, tsakanin shekaru miliyan 359 da 299 da suka wuce, ana ta samun iri a warwatse cikin ganyayyaki masu kama da fen. Akwai wanda ake kira Trigonocarpus, mai siffar ƙwallon dabino ko na kaɗanya, da manyan layuka uku a tsaye a jikinsa. Akwai masu faɗi kamar zuciya, akwai masu siririn fiffike a gefe. Na wane tsiro ne? Shekaru da dama ana ɗaukar duk ganyen nan fen ne, har ana kiran lokacin zamanin fen, alhali da yawa daga cikinsu ba a taɓa ganin ɗige-ɗigen garin nan a bayansu ba.

A 1903 wasu masana biyu na Ingila, F. W. Oliver da D. H. Scott, suka warware ƙullin. Suna nazarin wani ƙaramin iri mai suna Lagenostoma daga ma'adinan kwal na ƙasarsu, sai suka lura cewa kwanson da ke rungume da irin yana da wasu 'yan ƙuraje masu kai kamar kan ashana. Irin waɗannan ƙuraje sak suna jikin kara da ganyen wani tsiro, Lyginopteris, wanda ganyensa na fen ne a ido. Ba su ga irin a manne da ganyen ba, ƙurajen ne suka zama shaida, kamar yadda tsagar fuska ke nuna gidan da mutum ya fito. A 1904 suka fitar da cikakken bayani, aka san cewa an yi wani babban dangin tsirrai masu ganyen fen amma masu iri, waɗanda suka ƙare tuntuni.

Da aka sake tantancewa, sai ga shi yawancin Pecopteris fen ne na gaske, don ana samun ɗige-ɗigen a bayansu. Neuropteris da Alethopteris kuwa masu iri ne, kuma Trigonocarpus na danginsu ne. Abin dariya, ma'anar Alethopteris a Girkanci ita ce fen na gaskiya. Sunan ya zauna, tsiron kuwa ba fen ba ne. Da na karanta wannan na ɗan ji sanyi a raina, ashe ba ni kaɗai kama ta taɓa ruɗa ba.

Darasin da masana suka ɗauka shi ne, ganin iri kusa da ganye a dutse ɗaya bai isa a ce nasa ba ne. Ruwa na iya tara baƙi a masauki ɗaya. Sai an gan su a manne, ko an sami wata alama ta jiki da ta haɗa su.

Shi ma iri yana da na bogi, kuma mu a Tamale muna tafiya a kansa kullum. Jar tsakuwar marmara mai zagaye da ake zubawa a hanya, wata in ka ɗauka sai ka rantse gujiya ce ko ƙwallon wani abu. Ƙarfe ne ya dunƙule a cikin ƙasa. Iri na gaske yana da kai da gindi: tsini a sama, tabo a ƙasa inda ya manne da uwarsa, layukan jikinsa a tsare, kuma in an same su da yawa za ka ga girmansu da siffarsu ɗaya. Dunƙulen ƙarfe kowanne da girmansa, in ka fasa shi kuma ka ga zobe cikin zobe kamar albasa.

To ina na gasken suke?

Ba sai an je Turai ba. A Ghana, gaɓar teku ta Sekondi da Takoradi tana da duwatsun laka da suka dace da shekarun. A 1971 masanin duwatsu ɗan Ghana M. K. Mensah da W. G. Chaloner na Ingila suka buga bayanin burbushin tsirrai na farkon zamanin Kaboniferos, kimanin shekaru miliyan 350, daga Essipon kusa da Sekondi. Masu son ƙwallo sun san sunan, nan ne aka gina filin wasa don gasar cin kofin Afirka ta 2008, lokaci ɗaya da namu na Tamale. Tsirran ba fen ba ne, wasu dangi ne masu yaɗuwa da gari kamarsa, waɗanda ake gane su da tabon ganye da ya jeru a jikin kara kamar ɓawon kifi. Biyu daga cikinsu na ɗauke da sunan wurin har yau: Archaeosigillaria essiponensis da Lepidodendropsis sekondiensis.

A Nijar, arewa da Agadas, kwal ɗin Anu Araren kusa da Cirozerin, wanda kamfanin SONICHAR ke ƙonawa don ba Agadas da ma'adinan yuraniyam na Arlit wuta, shi ma na zamanin Kaboniferos ne. Wurin da yau hamada ce, dā fadama ce mai tsirrai, kwal ɗin kuwa gawarsu ce da ta taru. A Najeriya kwal ɗin Inugu ya fi waɗannan ƙuruciya nesa, kimanin shekaru miliyan 70. Albert Kitson, wanda ya gano shi a Udi a 1909, shi ne ya zo ya kafa hukumar binciken duwatsu ta Gold Coast a 1913, wadda ta zama Ghana Geological Survey Authority ta yau. A ƙasar Sakkwato kuma, a duwatsun yankin Gundumi da Illo, ana samun guntayen itace da suka koma dutse.

Wani zai ce, duk wannan wahala a kan ganye? Ganye ɗaya ya taɓa zama shaida a babbar shari'ar kimiyya. Glossopteris, mai siffar harshe da jijiyoyi kamar raga, wanda Brongniart ya raɗa wa suna a 1828 yana zaton fen ne, shi ma mai iri ne. An same shi a Afirka ta Kudu, Indiya, Ostareliya da Kudancin Amurka. A 1912, da aka gano tantin Kyaftin Robert Scott da abokansa da suka mutu a ƙanƙarar Antatika, an tarar da kimanin kilo 16 na duwatsu da suka ƙi yarwa, a ciki har da wannan ganye. Irinsa ba zai iya ƙetare teku ba. Samunsa a nahiyoyin nan duka na cikin hujjojin da suka tabbatar cewa dā a haɗe suke wuri ɗaya kafin su rabu.

In ka tsinci irinsa

Mutanen Zongo matafiya ne. Akwai direbobinmu a hanyar Takoradi, akwai 'yan kasuwarmu a Sakkwato da Agadas, akwai magina da masu haƙar rijiya da ke ganin cikin ƙasa fiye da kowane malami. Mai yiwuwa ne hannun ɗayanmu ya faɗa kan na gaske. In haka ta faru, abu mafi daraja shi ne sanin inda aka same shi. Ka rubuta wurin da ranar, ka ɗauki hoton ramin ko gaɓar da ya fito. Ka ajiye kwabon sidi ɗaya kusa da shi kafin ka ɗauki hoto, don a san girmansa, ka haska shi daga gefe. Ka riƙe ɓangarorin biyu, kowanne a naɗe da jarida daban. Kada ka wanke, kada ka goga, kada ka shafa masa mai don ya yi ƙyalli, domin siririn gawayin nan da ke gogewa shi ne abin da masani zai duba. Sannan ka nuna wa hukumar binciken duwatsu ko sashen kimiyyar ƙasa na Jami'ar Ghana da ke Legon. Dutsen da ba a san inda ya fito ba ya zama kamar wasiƙa marar adireshi.

Maganar dala kuwa, a yi hattara. Ganyen zamanin kwal ba abu ne mai wuyar samu a duniya ba, ana tsintarsa da yawa a juji na tsofaffin ma'adinan Turai da Amurka. Darajarsa ta ilmi ce. Shi kuma zanen ruwa ba alamar zinari ba ne, ba alamar wata dukiya a ƙasa ba. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya haɗa ka da mai saye, ka riƙe aljihunka.

Da mako ya cika na je har wurin ginin. Na sami maginin a kan katanga, na ce, "Baba, ni ne na yi kuskure. Ba ganye ba ne, ruwa ne ya zana shi, kuma ba wanda zai saya." Ya yi shiru, ya goge cokalin gininsa, sannan ya ce, "To madalla da ban ajiye aikin ba. Amma ka ce dutsen nan ya girmi ganye?" Na ce ƙwarai, ya girmi kowace bishiya a duniya. Ya dubi tushen da ya zuba, ya girgiza kai, ya ce ikon Allah, ya ci gaba da aikinsa.

Washegari na tsaya gaban aji na janye maganata. Ba abu ne mai sauƙi ga malami ba, amma ya fi a bar yara arba'in su tafi da ƙarya. Dutsen yana nan a kan kantar ajinmu. Yarinyar da ta kawo shi ita ta rubuta takardar da ke manne da shi: dutsen yashi, daga bayan garin Tamale, zanen manganis, ba ganye ba. A gefensa ta bar fili, ta ce na Sekondi ne, in Allah ya sa kawunta mai tuƙa babbar mota zuwa tashar jiragen ruwa ta Takoradi ya yarda ya tsaya a Essipon. Na riga na rubuta masa abin da zai duba, na kuma gargaɗe shi kada ya sauka gaɓar sai ruwan teku ya janye.